Ayabar Kawu Nasiru

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Nasiru, ƙanin Ummata, wanda ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku a fannin makamashin nukiliya, ya zauna tare da mu a Pantai Dalam. Allah ya jiƙansa. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ni ce 'yar rakiyarsa zuwa mamak, wato gidan cin abinci na Indiyawa Musulmi.

A zamaninsa kowa tsoron karatunsa yake yi. Yaran benenmu Kawu Bam suke ce masa. Idan ya sayo gurasar roti ya kawo gida, sai baƙin Umma su ce sun ƙoshi. Maƙwabciyarmu Maman Hanif har kwano ta ware masa ranar sallah, kamar in ya taɓa cokali shinkafar za ta kama haske. Shi kuwa ba ya fushi. Kullum da ayaba a jakarsa. Duk wadda ta ja da baya sai ya zaro ta ya ce, "Hajiya, wannan ma tana fitar da radiyeshan, ɗan kaɗan. Kin daina ci?" Sai ya ɓare ya cinye a gabanta. Na rantse ayabar da Kawu ya ci saboda nukiliya ta isa lodin tirela.

Ciwon zuciya ne ajalinsa, wanda yake fama da shi tun yana yaro. Likita ya faɗa. Amma daga nan har Kano, dangi suka ce karatun ne ya cinye shi. Tun ranar Umma ba ta ƙara sayen ayaba ba.

Yanzu ga mu a kulle saboda korona. Fanka, na'urar sanyaya ɗaki, kwamfutoci, komai a kunne, karatu ma a cikin waya. Duk wanda bai san darajar wuta ba ya sani. Kwanaki malamarmu ta tambaya ko ya kamata ƙasashe su gina sababbin tashoshin nukiliya. Hannuwan masu goyon baya suka tashi a allo kamar ana rabon askirim. Maman Hanif ma, da ta ji yadda ɗaukewar wuta ta wahalar da yayarta mai jinya a Kano, cewa ta yi, "Ashe yaron nan ba bam yake haɗawa ba."

Me Kawu zai ce da ya ga wannan? Ina jin zai yi dariya har ya shaƙe, sannan ya ɓata wa kowa rai. Zai tambaya ina za a adana sharar, kuma wa zai kula da tashar ba tare da sakaci ba. Tsoro marar ilimi ne ya tsana, amma bai taɓa cewa abin wasa ba ne.

Shi ya sa na gaya wa Umma irin karatunsa nake so na yi a jami'a. Ta ajiye ludayi ta ce, "Safiyya, na binne ɗaya a ƙasar mutane. Ba zan binne biyu ba."

Ban yi musu ba, abin da bai taɓa faruwa a tarihi ba. Na ce, "Umma, zuciyarsa ce. Kin sani." Ta yi kwanaki ba ta ɗaga zancen ba. Ni kuma ba zan yi ba sai da yardarta, ba kuma zan zaɓi wani fannin ba.

Jiya ta sa takunkumi ta sauka kanti. Da ta dawo sai ta dire nonon ayaba a kan littafina, ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Kawunki ya iya lissafi. Ke kuwa na ga sakamakonki, da sauran aiki."

Ba ta ce ta yarda ba. Na ɓare ɗaya, na jawo littafin lissafi.