Bashiru bai kai kaka ba

Shekara tara ke nan da rasuwar ɗana Bashiru. Yana ɗan shekara huɗu gwaiwa ta kashe shi, ciwon da likita ya ce aikinsa ƙarami ne.

Da damina kumburin ya tsananta. Sai muka ji a rediyo wani ɗan siyasa ya ɗauki nauyin aikin gwaiwa kyauta. Na ɗauko yaron daga ƙauyenmu, kusa da Moriki, a kan babur muka isa asibitin Ƙaura, inda ake aikin. Likitan ya duba shi, ya ce, "Baba, kayan aikinmu na manya ne. Ba mu da mai sa yaro barci. Sai Sakkwato, kuma can biya ake yi."

Mu manoma komai namu sai kaka. Aure sai kaka, rufin ɗaki sai kaka, ɗan kasuwa ma ya san haka, yana jiranmu. Rumbu babu komai, dangi suka ce da zarar an yanke gero za a haɗa a kai shi. Gero na fitar da kai hanjinsa ya shaƙe. A mota ya cika, ba mu ko kai Gusau ba.

Ni mutum ne mai haƙuri, amma wannan ya ƙi kwanta mini. An raba shinkafa, an raba atamfa da babura, zaɓe ya zo ya wuce ya sake dawowa. Kayan yi wa ƙananan yara aiki ne suka gagara saye? Yaro ba ya jefa ƙuri'a, shi ke nan laifinsa. Da Bashiru zai leƙo yau, zai tarar kakar ma ta gagare mu, 'yan bindiga sun raba mu da rabin gonakin.

Abin da ya rage nasa yana hannun uwarsa. Duk gidan suna da ta shiga, sai ta kwance zanen jariri ta duba mararsa kafin ta yi barka. Mata na tsokanarta da "likita". Kwanan baya ta ga kumburi a jikin ɗan maƙwabcinmu, ta tare uban a zaure.

"Mi kake jira da wanga yaro? Ɗauke shi yau."

Ya ce, "To Inna, in kai shi ina?"

Ta juyo ta dube ni, tunda ni ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, ni ne mai karatun gidan. Ku da ke rabon kasafin kuɗi, ku ba shi amsa. Yaron dai yana nan da ransa tukuna.