Ranar da Na Rina Tunkiyar Mai Ɗakina

Ni ne mutumin da ya ɗauki tunkiyar matarsa ya ɗaure wa kyarkeci, sannan ya sa babbar riga ya tafi masallacin Juma'a. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, domin idan kuka shiga Dukawuya kuka tambaya za a gaya muku, kuma za a ƙara gishiri. A lokacin na haura sittin, saboda haka ba zan ce ƙuruciya ba ce. A aji uku na bar firamare, amma ba zan ɗora wa rashin boko ba. Wauta ce tawa ta kaina, tun ina yaro nake kiwonta.

Wani Alhaji ne da ya gina katafaren gida a bayan ganuwa ya sa aka kawo masa kare daga ƙasar waje. An ce uwarsa karya ce, ubansa kuwa kyarkeci ne na ƙasashen ƙanƙara. Wata rana aka bar ƙofa a buɗe, dabbar ta fice, ta samu wani kango kusa da kududdufin unguwarmu ta tare. Mu kuwa a cikin gari awaki da tumaki sakinsu ake yi da hantsi, su zaga lungu su ci ɓawon rogo da abin da Allah ya hore, da yamma kowace ta san ƙofar gidansu. Cikin mako uku aka rasa akuya uku. Wanda ya gan shi ya ce ya kai ɗan maraƙi. Wanda bai gan shi ba ya ce ya kai jaki.

Mata suka kulle dabbobinsu a gida. A gidana tunkiya ɗaya ce, fara sol, ta mai ɗakina. Jikar jikar tunkiyar da mahaifiyarta ta ba ta ce lokacin da aka kawo ta gidana, kuma ita kaɗai ta rage a wannan zuri'ar. Duk sauran sun tafi a suna da layya da asibiti. Ita wannan ko kallon banza ba a yi mata. Da aka kulle ta ta cinye mini hula guda da rabin tabarma, na kai ƙara, aka ce ni na ajiye hula a inda bai kamata ba.

Mai ɗakin nawa ce ta fara lura da abin. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, ka kula kuwa duk ranar Juma'a karen nan yake ɗauka? Sai kun watse kun tafi masallaci, lungu ya yi tsit."

Na ce, "Maganar mata ke nan."

Da yamma mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa. Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, na yi nazari. Dabbar nan ranar Juma'a take ɗauka, sai mun tafi masallaci."

Aka shiga lissafi da yatsu, aka ga haka ne. Mutanen da ba su taɓa tambayata ko ƙarfe nawa ba suka juyo suna kallona. Daɗi ya kwashe ni. A nan ne na ƙara da cewa kakana maharbi ne.

Akwai wani abokina mahauci, tare muka taso, ina kiransa Sarkin Fawa ko da yake ko wuƙar kirki ba shi da ita. Ya ce, "Wane kakan? Wanda na sani marini ne. Hannunsa har ya rasu shuɗi ne."

"Na wajen uwa."

"Shi ma marini ne."

"To da rana yake rini."

Aka yi dariya, shi kuwa tun daga ranar ya laƙaba mini Sarkin Baka. Amma dabarar da na kawo ta shiga kunnen mai unguwa. A bayan gidanmu akwai tsohon karofin gidanmu, inda iyayenmu suka yi rini. Ramukan duk an cike su da shara, saura guda ɗaya da yayana ya yi ta aiki a cikinsa har ya rasu, muka rufe da faifan kwano muka bar shi. Ramin rini bakinsa ƙunci ne, cikinsa santsi, abin da ya faɗa ba ya hawowa. Wurin kuma lungu ne da ba ya ɓullewa. Na ce a rufe bakin ramin da kara da tsohuwar tabarma, a watsa ƙasa, a ɗaure dabba a can ƙurya jikin bango. Duk abin da zai je wurinta sai ya taka tabarmar.

Mai unguwa ya ce, "Ramin a bushe yake?"

Na ce, "Ƙayau."

Ban duba ba. Ɗan marina ko almajirin jiya ne ya san ba a magana a kan rami sai an zura muciya, wato doguwar sandar da muke motsa baba, shunin da ake rini, da ita, an ji abin da ke ciki. Ga damina ta yi nisa, ga kwanon ya yi tsatsa ya huje. Amma ina tsakiyar zama jikan maharbi, ina ni ina muciya.

Saura dabbar da za a ɗaure. Da aka zo nan kowa ya sunkuyar da kai, saboda duk wanda ke wurin ya san dabbobin ba nasa ba ne, na matan gida ne. Ni da na fi kowa baki na ce a bar mini wannan.

Ranar Juma'a da hantsi na tsaya a tsakar gida ina sosa ƙeya. Na ce, "Tunkiyar nan fa lokacinta ya yi. Sarkin Fawa ya samu wani rago balami, bari in kai ta ta wuni a can."

Ta dube ni, ta dubi tunkiyar. Ta ce, "Ka riƙe ta da kyau." Har da ba ni dusa a leda, wai kada ta ji yunwa a gidan mutane.

Ni da Sarkin Fawa muka janye kwanon, muka jera kara, muka shimfiɗa tabarma. Wani wari ya taso, na ce warin tsufa ne. Na kafa turke a ƙurya, na ɗaure ta a ƙafar gaba, na zuba mata dusar. Ta dube ni tana tauna. Sarkin Fawa ya ce, "Sarkin Baka, wa zai tsaya gadi?"

Na ce, "In ya ji ƙanshin mutum ba zai zo ba. Kuma wa zai bar Juma'a saboda kare?"

Ban taɓa jin huɗuba mai tsawon ta ranar ba. Liman yana magana a kan amana, ni kuwa ina sahun ƙarshe a bakin titi, gumi yana bin bayana. Sai a lokacin lissafin ya zo mini: idan dabbar ta yi tsalle ta haye tabarmar fa? An ce ta kai ɗan maraƙi. Me zan ce wa matar nan? Ana sallamewa na zabura, ko addu'a ban tsaya ba. Sai da na kai bakin lungu na lura takalmin ƙafar dama ba nawa ba ne.

Babu tunkiya, babu turke. Tabarma ta rufta. Daga cikin ramin kuma ana wani irin kuka, siriri, kamar na jariri.

Na rarrafa na leƙa. Abin da ya faru a bayyane yake. Tana ganin karen ta tuge turken, kuma hanyar gudu ɗaya ce, ta kan tabarma. Shi ya taho, ita ta taho, suka haɗu a tsakiya suka tafi tare. Ramin kuwa ruwa ne a ciki har kusan rabi, ya jiƙa tsohon baban da yayana ya bari, ya yi baƙi kirin. Dodon da ya hana unguwa sakat yana tsaye a kan ƙafafun baya, ya miƙa hanci sama, shi ne mai kukan. Tunkiyar mai ɗakina ta ɗora ƙafafunta na gaba a kan kafaɗarsa ta taka shi sosai, kamar ta samu dakali. Amma ruwan yana taɓa haɓarta, kuma duk motsin da ya yi sai ta nutse ta ɓullo.

Kafin in miƙe jama'a sun cika lungun, kowa cikin farar shaddarsa ta Juma'a mai sitaci. Shawara ta yi ta zuba daga nesa. A kawo tsani. Tsani ba zai shiga ba. A kira 'yan kwana-kwana. A jefa igiya. Wa zai ɗaura mata, karen? Kowa yana magana yana tattare rigarsa, ga tsoron haƙori, ga tsoron baba, ga ƙyamar yawun kare.

Tunkiyar ta sake nutsewa, wannan karon ta ɗan jima.

Na ce, "Sarkin Fawa, kama ƙafata. Ranka ya daɗe, kama ɗayar."

Mai unguwa ya ce, "Ni?"

"Kai ka ce a yi."

Haka aka zura ni da ka, kamar guga. Babbar rigata ta zazzago ta rufe mini fuska. Ina lalube ina ihu, "Ƙafa na ce ku riƙe, ba wando ba!" Sarkin Fawa yana dariya har ya kusa sakina, yana cewa, "Ka gaishe da kakanka maharbi." Na yaye rigar, sai ga ni ido da ido da shi. Idanunsa rawaya, kansa ya kai turmi. Na karanto duk abin da na haddace, wanda ba shi da yawa, na kai ƙarshe na sake daga farko. Ya matso da hancinsa. Ya lashe mini kunne tun daga ƙasa har sama.

Na tura hannu cikin ruwan har kafaɗa, na samu igiyar ƙafarta, na naɗe a hannu, ɗaya hannun na cafki gashin wuyanta. Na ce su ja. Muka fito tare, ni da ita, muka zube a kan rigar mai unguwa.

Da farko kore-kore muka fito. Wanda ya san rini ya san sai iska ta bugi baba yake nuna kansa. Muna zaune a gaban jama'a, tana tari ina tari, muka rinƙa komawa shuɗi a hankali, ita gaba ɗayanta, ni daga gemu zuwa hammata. Wani dattijo ya ce rabon da ya ga rini ya kama haka tun yayana yana da rai. Har cikin raina na ji daɗin wannan magana.

Nan take aka buɗe muhawara a kan kunnena. Wani ya ce a wanke sau bakwai. Wani ya ce har da ƙasa. Na ce ai wannan hukuncin ƙwarya ne, ni ba ƙwarya ba ne. Sarkin Fawa ya ce a bar wa malamai su tantance.

Aka buga wa Alhajin waya, ya zo da mutanensa da sarƙa. Ya leƙa ramin ya yi wa karen Turanci, karen ya amsa da kuka. Da igiya da buhu suka fito da shi, ya tsaya yana karkarwa, ya koma shuɗi shi ma, ya bi su sumui-sumui ya shiga mota. Alhajin ya yi alkawarin biyan mata awakinsu a gaban mai unguwa, ya kuma cika. Jama'a suka raka ni har ƙofar gida ana Sarkin Baka, Sarkin Baka, ina ɗaga shuɗin hannu kamar wanda ya ci zaɓe. A zaure suka tsaya. Daga nan ni kaɗai na shiga, ina jan tunkiya tana ɗingishi.

Labari ya riga ni isa. Ta riga ta ɗora ruwa a wuta, ta fito da sabulu da tsumma. Ba ta dube ni ba. Ta durƙusa ta bi ƙafafun tunkiyar ɗaya bayan ɗaya tana matsawa, ta buɗe bakinta, ta duba idonta, ta kara kunne a cikinta. Ta wanke ta sau uku, shuɗin ko gezau. Ta shafa mata man kaɗanya inda igiya ta ci. Ina tsaye ina ɗiga a tsakar gida da takalmin wani a ƙafata, na shirya jawabi kala uku, duk babu mai kyau.

Sai da tunkiyar ta sa baki a dusa ta fara ci, sannan ta turo mini sauran ruwan zafin da ƙafa. Ta ce, "Malam, da ka tambaye ni da na ba ka ita. Kuma da na gaya maka ba ta zama a turke."