Yadda Na Ba da Hayar Kafaɗata

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi a aljihu. Ni dai mutumin Kebbe ne, sana'ar da na gada kuma ita ce ɗiban zuma. Tun ina yaro nake hawa itatuwa ina ɗaura amya, in lokaci ya yi in sauke, in tace, in kai kasuwar Tambuwal a galan. Ban yi arziki ba, amma gidana bai taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Allah ya yi ni ɗan firit, gemu kuma ya ƙi ni ƙememe. Ina da mata da 'ya'ya, amma in baƙo ya yi sallama na fito, sai ya ce in koma in kira masa maigidan. Abu ɗaya nake taƙama da shi: ƙudan zuma ya harbe ni har ya gaji, fatata ta daina kai ƙara.

Yayata Kulu tana da ɗa namiji tilo, sunansa Muntari. Shi kuwa ƙato ne na gaske, in bijimi ya yi gardama shi ake kira ya kayar. Da ya sami shiga wata makarantar koyon aikin lafiya, Yaya Kulu ta fara kiransa Likita tun bai sayi littafi ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, duk burinta na duniya a kan yaron nan ta ɗora shi.

Makarantar tana da doka. Kafin a tura ɗalibi asibiti ya fara taɓa marasa lafiya, sai an auna jininsa, an yi masa allurar rigakafin ciwon hanta sau uku a tsakanin watanni, da ta tetanus, wato ciwon sandarewar jiki. Dalilin kuwa shi ne, ma'aikacin asibiti kullum hannunsa yana cikin jinin mutane da tsinin allura. In ba shi da kariya, sai ya je ba da magani ya dawo gida da cuta. Ni wannan dalili daga baya na gane shi, bayan ya daina yi mini amfani.

Wata ranar kasuwa Muntari ya same ni a rumfata yana ta gumi.

"Kawu, don Allah ka raka ni asibiti. Wallahi gabana faɗuwa shika yi."

Na ce, "Kai da ka kada bajimi, allura ka ba ka tsoro?"

"Bajimi ina ganin inda shika zowa, Kawu. Ita wagga cikin nama taka shiga."

Na yi dariya har da hawaye, na bar wa maƙwabcina zumar muka tafi. Asibitin cike yake maƙil. Muna zaune a benci aka soka wa wani jariri allura, ya tsala ihu. Muntari ya miƙe ya ce zai zaga bayi. Bai daɗe da fita ba aka kira sunansa. Na shiga ɗakin don kawai in ce a ɗan jira shi. Malamar asibitin ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Zamna. Naɗe hannun riga."

"Hajiya, ai ni..."

"Kowa haka shika cewa. Dubi bango."

Kafin in haɗa kalma ta biyu ta gama, ta danna mini auduga, ta sa hannu a kati mai sunan Muntari, ta ce na gaba ya shigo. Na fito ina mamaki. Wai wannan ɗan tsikarin ne abin gudu? Ko ɗan tayin ƙudan zuma ya fi haka iya aiki.

A tasha na samo shi, ya raɓe bayan wata mota. Da ya ga katin sai ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa, ya ja ni wurin mai tsire. Muna cikin ci ya sunkuyo ya ce, "Kawu, saura biyu." A nan ne ya kamata in kama kunnensa in mayar da shi gaban Hajiya. Amma tsiren da zafinsa, ga yaji ya ji, sai ya rufe mini baki. Haka na karɓar masa sauran biyun kowace a lokacinta, na haɗa da ta tetanus, har jinin awon ma nawa aka ɗiba.

Bakin ɗalibai ba ya riƙe magana. Ba a jima ba abokansa suka fara zuwa rumfata, su yi kamar suna taya zuma, sannan su rage murya su ce, "Kawu, muna son a taimaka muna da kafaɗa." Wani tsoro ne irin na Muntari. Wani ba ya son a auna jininsa don kada a gano abin da shi ma bai sani ba. Wani kuma, mai karatun lafiya fa, ya ce ya ji a majalisa allurar tana rage wa namiji kuzari, ga shi an kusa bikinsa. Ni ban ƙi ba, nawa kuzarin ya riga ya yi aikinsa.

Na tsara sana'ata tsaf. Na sayi farar riga irin ta ɗalibai, da huluna kala-kala, da wani tabarau marar magani. Yau ina Tambuwal, gobe Sanyinna, jibi wani ƙauye, kuma ranar cunkoso kawai nake zuwa. Kafaɗar hagu ta safe, ta dama ta bayan azahar. Matsalata ɗaya ita ce sunaye. Akwai ranar da aka yi ta kiran Abdullahi, ina zaune ina tsaki ina cewa wane irin sakarai ne wannan da zai ɓata wa mutane lokaci, sai can na tuna ashe ni ne. Wata rana kuma wata malama ta ƙura mini ido.

"Kai, ba ɗazu niy yi maka ba?"

Na ce, "Ɗan'uwana na, Hajiya. Tagwaye muke."

"To mi as sunanka?"

"Garba."

"Tagwaye, kuma Garba?"

"Mu a gidanmu ba a bin wagga al'ada," na ce mata. Ta girgiza kai ta soka, kuma na rantse ranar da gayya ta soka.

A gida, matata Hadiza ta rasa gane kaina. Mutumin da ke hawa kuka kamar biri ya koma ba ya iya ɗaga buta. Kullum zazzaɓi-zazzaɓi, kwanciya sai rigingine, in yaro ya taɓa mini kafaɗa in zabura kamar an ɗana mini wuta. Ta tambaye ni, na ce sanyi ne. Ta ce, "Wane irin sanyi na wanga da ka zowa da nama a leda?" Na ce ta ci ta yi shiru. Amyoyina kuwa suka lalace a daji, don hannun hawa ya tafi haya.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Har ɗaliba mace na taɓa karɓar wa aiki. Na zura hijabi har ƙasa, na ɗaura niƙabi, na shiga ina rangwaɗa. Malamar ta ce, "Kina da juna biyu?" Na girgiza kai. Ta ce in yi magana ta ji. Na matse murya na ce a'a, sai muryar ta kuɓuce mini a tsakiya ta fito irin ta mai tallan zuma. Ban tsaya jin sauran tambayoyin ba. Takalman Hadiza ma a can na baro su, na sha faɗa a kansu fiye da komai.

Shi kuwa Muntari aka tura shi wani ƙaramin asibiti a yankinmu na Kebbe. Abin mamaki, yaron ya iya aiki. Tsoron allurar a jikinsa kawai yake, in a jikin wani ne hannunsa kamar auduga. Da yake ya san tsoro, ya san yadda ake lallashin mai jin sa. Tsofaffi suka riƙa cewa su dai a kira musu ƙaton nan. Yaya Kulu kuwa tafiyarta ma ta sauya.

Wata safiya ina shan koko wayata ta yi ƙara. Muntari ne. Ya ɗebi jinin wani mutum mai ciwon hanta, garin mayar da murfin allurar ta soke shi a yatsa. Shugaban asibitin ya sa ya wanke wurin, sannan ya tambaye shi ko da gaske ya cika alluransa uku. Ya ce in ya cika, da sauƙi. In kuwa bai cika ba, ya faɗa yanzu-yanzu a tura shi Sakkwato, akwai wata allurar gaggawa da ake yi kafin cutar ta kama jiki, kuma ba ta jiran gobe.

"Kawu, mi za ni ce mishi?"

Ku ji amsar da na ba shi, don ita ce ta kai ni kurkuku, ba hulunan ba. Ban yi tunanin hantarsa ba, asirina na tuna.

Na ce, "Ka ce ka cika. Kai, ni da uwarka ba ciki ɗaya munka fito ba? Jininmu guda na. Abin da ag ga jikina yana ga jikinka. Zan aiko maka da zuma ka sha da habbatus sauda."

Ya ce, "To, Kawu." Yana karatun lafiya, ya san maganar banza na faɗa. Amma mai tsoro ko igiyar ƙaiƙayi aka miƙa masa kamawa yake yi.

Watanni suka wuce, har na fara yaba wa kaina da hikima. Sai ga saƙon Yaya Kulu cewa in zo maza. Na tarar da Muntari kwance, idanunsa sun yi ɗorawa, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Ƙaton nan da ke ɗaga ni sama, ni da wani muka tallabe shi zuwa mota. Hanyar Kebbe ta jijjiga mu har muka hau kwalta, kansa yana kan cinyata, ina jin zafin jikinsa ta cikin wando. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A Sakkwato likita ya duba sakamakon jini, ya duba katin rigakafi, ya sake duba jinin. Ya ce shi bai gane ba, katin ya ce an yi allura uku, jinin kuma ya ce bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Muntari ya juyo da idanun nan ya dube ni.

Na ce, "Likita, alluran suna wurina."

Ya ce, "Ka zo da su?"

Na ce, "Suna cikin kafaɗata."

Daga nan zance ya fita hannuna. Makaranta ta tara ɗalibanta aka sake auna kowa, aka kori duk wanda na yi wa aiki, ni kuma aka miƙa ni ga 'yan sanda da laifin sojan gona. A kotu alƙali ya ce in lissafo sunayen da na amsa. Ina cikin jerowa ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka, ba kiran rajista ya zo yi ba. Mutane suka kwashe da dariya. Na waiga, na ga Yaya Kulu a bencin baya, ita kaɗai ce ba ta dariya.

Gidan yari ba wurin zuwa ba ne. Cinkoso, zafi, kwarkwata, da wake mai yawo a ruwa ɗai-ɗai. 'Yan ɗakinmu suka sa mini suna Matashin Allura, kowa ya gaji sai ya ce in ba da labarin niƙabi. Ina nan ciki aka zo yi wa fursunoni rigakafin sanƙarau. Da layi ya zo kaina ma'aikacin ya ce, "Sunanka?" Sai na tsaya ina tunanin na wa zan faɗa. Da ƙyar na tuna nawa. Wannan ce allura ta farko da aka yi mini da sunan da ubana ya raɗa mini, kuma ita kaɗai ce ta sa ni hawaye.

Da wa'adina ya cika, ban wuce gida ba, gidan Yaya Kulu na fara zuwa. Muntari ya rayu, alhamdu lillahi. Amma makaranta ta tafi, kuma likitoci sun ce cutar ba ta bar jininsa ba, zai riƙa zuwa ana duba shi. Na same shi yana ba shanu dusa, riga tana yi masa yawa. Ya gaishe ni da ladabi, har ya ce laifinsa ya fi nawa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa gaban Yaya Kulu na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana kallona, daga kai har ƙafa.

"Kurkuku ma ba ta kada kai ba," in ji ta. "Lafiya lau kake."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Yaya."

"To ai ba taka ba ta. Lafiyar ɗana ta kake ɗauke da ita ga kafaɗa kana yawo. Ni ban riƙe ka ba. Ka dai mayar mishi da abinai."

Na tuba ga Allah, na koma hawa itatuwana, kuma duk abin da na taɓa ci na wani da zan iya mayarwa, na mayar. Wannan ɗaya ce na rasa hanyarta.

Don haka ku yara masu karatun lafiya, ku ji daga bakin wanda ya fi duk ajinku shan allura. Zafinta bai kai a ce komai ba, kafin ka ce wash an gama. In kana tsoro, ka faɗa, ka rufe ido, ka yi ihu in ka ga dama, a yi maka dariya a manta. In tsautsayi ya sa allurar majinyaci ta soke ka, ka faɗi gaskiya a wannan sa'ar, ko da za ta jawo maka kora. Kada ka nemi irina, in kuma irina ya neme ka, ko kawunka ne, ka guje shi. Ana aron riga, ana aron babur, amma wannan abu in ya shiga jikin wani ya shiga ke nan. Ni ga ni nan da kariyar aji guda, ƙudan zuma kawai nake yi wa gadinta, ɗan yayata kuwa ko ta mutum ɗaya ban iya ba shi ba.