Gwaggo da Takobin Makka

Ko yau aka matsa lemun tsami kusa da ni, sai raina ya ɓaci. Ba ruwan lemun, gwaggona yake tuna mini.

A ɗakin kakana da ke Faskari akwai takubban ado guda uku rataye a bango, tsarabar Makka ce tun kafin a haifi babana. Ba sa yanka ko tumatir. Kyau kawai gare su: kaifin an yi masa ruwan azurfa, mariƙin kuma ruwan zinare, da zanen furanni ƙanana. Idan hasken hantsi ya faɗa kansu, sai ka kare ido.

Wata damina, ina aji shida, marka ta sa rufin ɗakin ya yi yoyo. Da aka sauko da ƙaramin takobin, tsatsa ta feso masa kamar ƙyanda. Kaka ya daɗe yana juya shi, sannan ya dube ni.

"Kai, sarkin ɓarna. In ka fidda tsatsar ga ba ka taɓa ruwan azurfar ba, ya zama naka."

Ya nuna mini yadda ake yi. A naɗa auduga a tsinken ashana, a tsoma a ruwan lemun tsami, a ɗiga a kan ƙwayar tsatsa ɗaya, a jira, a share da tsohon rawani, a shafa man keken ɗinki. Ban da gurzawa. Ya ce ruwan azurfar nan bai kai ɓawon albasa kauri ba.

Ni da ba na iya zama wuri ɗaya ko da an ɗaure ni, na zauna. Hutun makaranta ya ƙare a kan tabarmar Kaka. Abokaina suna ƙwallo, suna gasa sabuwar masara, ni ina tsinken ashana. Yatsuna suka yi yaushi kamar kuɓewar bara. Har kaji suka daina gudu idan sun gan ni, sun ɗauka turmi ne. Amma furannin suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, saura ɗan wuri kusa da mariƙi.

Sai aka yi haihuwa a gidanmu, gwaggo ta zo suna daga Mairuwa.

Ku da ba ku san ta ba, wannan matar ba ta jituwa da duk abin da ke da tabo. Tukwanenta duk sun yi sirara saboda gurza, akwai wadda ake hango wuta ta gindinta. Ranar na shimfiɗa takobin a inuwa, aka aike ni sayo goro. Ina dawowa, tun daga zaure na ji wani ƙara, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Na same ta bakin rijiya, ta take takobina da ƙafa, ga toka, ga yashi, ga soson ƙarfe.

"Ɗan nan, zo ka gani! An ce wata guda kana lallaɓa shi kamar jinjiri. Ga shi kafin tuwo ya nuna na gama."

Ta gama kuwa. Babu tsatsa, babu azurfa, babu zinare, babu fure ko ɗaya. Ƙarfe ne tsirara, toka-toka, kamar abin da mahauci ya jefar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, matan da suka zo sunan yaba mata suka yi. "Hajiya, hannunki da albarka!" Da na fasa ihu, innata ta ce ba ni da kunya, in durƙusa in yi godiya. Na durƙusa. Na yi wa wadda ta yanka ni godiya, ina hawaye, tana cewa, "Ba komai, ai yi wa kai ne."

Na kai wa Kaka. Ya shafa shi daga sama har ƙasa. Ita ɗiyarsa ce, kuma baƙuwa, ba zai kunyata ta cikin taro ba. Can ya ce, "To, ba kai ka taɓa azurfar ba. Ɗauki kayanka."

Haka na mallaki takobin da ko ɓarawo ba zai ɗauka ba. Tunda rigarsa ta tafi, ko atishawa aka yi kusa da shi sai ya yi tsatsa. Kullum ina cikin shafa mai.

Yanzu na kusa gama sakandare. An sauya rufin ɗakin, idon Kaka ya yi rauni, da yatsa yake neman furannin sauran biyun. Abokaina sun ce in fesa wa nawa fenti mai ruwan azurfa. Na ƙi, shaida ce nake ajiyewa. Gwaggo kuwa har yau ba ta san ta yi laifi ba. Duk zuwanta sai ta tambaya, "Ina sauran biyun? Ba su yi datti ba?"

Da na ji sallamarta nake tura su ƙarƙashin buhunan masara. Sannan in ruga wurin Kaka in ce ya gaisa da ita baki rufe, don haƙorinsa na Makka ya fara dushewa.