Ƙahon Gwankin Kakana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da aka raba ni da ƙahon kakana a ƙasar mutane. Yau na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, amma wallahi in abin ya faɗo mini a rai sai na ji bakina ya yi ɗaci.

A shekarun tamanin ne, ina saurayi a unguwar Limawa, aka haɗa mu cikin wata ƙungiyar makaɗa matasa a nan Minna. Da mai goge, da masu kalangu, da mai algaita, da Gwarawa da gangunansu, da Nufawa, kowa ya zo da abin gidansu. Ni busa nake yi da ƙahon gwanki. Kakana maharbi ne da ya biyo aikin layin dogo ya zauna a garin nan. Shi ya harbi gwankin, shi ya huda ƙahon da hannunsa. Da ya rasu babana ya gaje shi. Babana baduku ne, amma duk inda maharba suke da taro shi ake kira ya yi busa. Ya naɗe ƙahon da jar fata, wurin sa bakin kuwa har ya yi sulɓi don daɗewa.

Kwatsam aka ce za a kai mu wata ƙasa a gabashin Afirka mu yi wasa, a kuma zaga da mu gandun namun daji. Ni da ko Kaduna sau ɗaya na taɓa zuwa! Sai dai babana ya kafe. Ya ce, "Kai ka tafi. Ƙahon nan kuwa ba ya zuwa inda ba ni." Na yi magiya, innata ta sa baki, ya ƙi. Sai da shugaban tafiyar, wani jami'i mai son a ce masa ranka ya daɗe, ya taka har rumfar dukancinsa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, ni ne uban yaron nan a can. Yadda ƙahon ya fita haka zai dawo." Sai a nan babana ya shiga gida ya ɗauko ƙahon.

Wasa kam mun yi shi. Da na busa ƙahon a babban zauren da aka tara mana jama'a, wurin ya yi tsit, can kuma tafi ya ɓarke. Har yau ban ƙara jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Da ranar shiga daji ta zo, shugaba ya ce kowa ya ɗauki abin kiɗansa, yana son a ɗauke mu hoto da namun daji a bayanmu, ya kai ofis a rataya. Abokina mai sarewa, Kirista ne ɗan Sabon Gari, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba gara mu bar su a masauki ba?" Ya harare shi ya ce, "Ni na kawo ka ko kai ka kawo ni?" Muka loda kaya. A ƙofar shiga ba wanda ya duba motar.

Mun ga ikon Allah. Giwaye da 'ya'yansu, raƙuman dawa, jakunan dawa kamar an yi musu zane da alli. Ana ta ihu ana nuni. Ni kuwa abin da ya fi taɓa ni shi ne gwanki, don ban taɓa ganinsa da rai ba sai ranar. Ya tsaya yana kallonmu, ni kuma ga ƙahon ɗan'uwansa a cinyata.

A ƙofar fita ne aka tare mu. Ashe duk motar da za ta fita sai an bincika ta, don ƙasar ta hana fitar da ko gashin naman daji. Wani dogon ma'aikacin gandun ya ɗaga ƙahon, ya ce na wane ne. Na ce nawa ne. Turancina ya ƙare a nan, sai mai sarewa ya karɓa. Mutumin nan fa bai zalunce ni ba, gaskiya ɗaya ce. Ya juya ƙahon, ya shafa fatar, ya ce ya ga tsohon abu ne, amma shi ba shi da ikon saki. In shugabanmu zai bi shi babban ofishinsu ya shaida cewa da shi muka zo daga ƙasarmu, za a ba mu kafin yamma.

Na juya ina kallon wanda ya ce shi ne ubana a can. Ya duba agogo. An shirya masa cin abinci da manyan mutane a birni, ga kuma wani gandun da za a kai mu washegari ganin zakuna. Ya ce, "Haba, saboda ƙaho zan zaunar da mutane cike da mota? Ƙaho ne fa, ba mutum ba."

Na durƙusa a ƙasa, ni da gemuna ya fara tsiro. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah. Ka tuna abin da ka gaya wa babana." Mai sarewa ya ce a bar mu mu biyu mu je. Ma'aikacin ya ce sai dai shugaba. Shugaban kuwa ya daka mini tsawa, "Tashi ka shiga mota, kada ka kunyata ƙasa!" Ka ji fa. Wai ni ne mai kunyata ƙasa. Motar ta tashi ina hango ƙahon a hannun mutumin, shi ma ya tsaya yana kallonmu da mamaki. Washegari na ga zakunan, ban san ko kala nawa gare su ba.

Da na dawo gida maƙwabta suka cika zaure suna yi mini barka. Babana ya dubi jakata, ya dubi hannuna, ya jira har aka watse. Na gaya masa duk yadda aka yi ina hawaye. Ya ce, "Ka busa shi a can?" Na ce na busa. Ya ce, "Sun ji?" Na ce sun ji. Ya ce, "To, madalla." Da ma duka ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Bayan 'yan makonni shugaban ya aiko masinja da ƙunshi, wai a ba Baba ya yi haƙuri. Aka buɗe, sai ga ƙahon bijimi daga mahauta, ko warin bai bar shi ba. Babana ya riƙe shi da yatsa biyu ya miƙa mini, ya ce, "Kai wa wanzami, shi zai yi wa amfani." Daga nan maharba suka yi ta aiko masa, yana cewa ba shi da lafiya. Har ya koma ga Allah bai ƙara zuwa taronsu ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa 'ya'yana: abin da ba a sayar da irinsa a kasuwa, kada ka damƙa shi a hannun wanda bai san darajarsa ba, komai girman rigarsa. In ya salwanta, shi abincinsa zai ci ya yi barci, kai ne za ka dawo ka tsaya a gaban mahaifinka.