Baitin da Inna Ta Ƙi Rerawa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar Baba, amma har yau in na bi ta bakin dam ɗin Watari sai na sassauta tafiya, ina duban tsakiyar ruwa ko zan hango farar hularsa.

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jirgin ruwan dakon kaya, yana yin wata da watanni a teku. An sallame shi da abokan aikinsa a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da fari ya haɗu da tsada, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Shi dai ritaya yake kiran abin, don ya fi daɗin faɗi. Ya dawo ƙauyenmu ya tarar ruwan dam ya shanye gonar da ya gada. Wani zai zauna yana tsaki, Baba kuwa aron kwalekwale ya yi a wurin masunta. Da la'asar sai ya tuƙa zuwa daidai kan gonar, ya bar ruwa yana lilo da shi. A nan ya tsara waƙarsa, doguwa guda ɗaya, wadda bai taɓa rubutawa ba.

Waƙar ba ta kuka ba ce. Tana maganar ranakun da teku ke kwanciya kamar shararriyar tsakar gida, babu iska, babu mai kiran mutum aiki. Tana maganar dawar da yake gani tana fitar da kai a ƙarƙashin ruwa, kifi na ratsa kunya-kunya. In yana rera ta a gida da dare, mu yara mukan yi barci kafin ya kai rabi.

Inna, mahaifiyarmu, ita ce mai zolayarsa. "Mutum ya baro ruwa ya dawo ruwa," in ji ta, "ko tarwaɗa ɗaya bai taɓa shigo mana da ita ba." Ashe tana tankaɗe tana haddacewa. Bayan rasuwarsa, a bakinta kaɗai waƙar ta rage.

To, ga inda matsalar take. Kamar yadda masu tsara waƙa ke yi, Baba ya sa sunansa a baitin ƙarshe. Inna kuwa irin matan da ne, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, sai dai Malam. Tana kawowa wannan baiti sai ta tsaya cak. Na roƙe ta, na yi fushi, na yi wayo, duk a banza. "Ke 'yar nan, ina kika taɓa ji?" Yanzu tsufa ya kama ta, baitoci suna zube mata ɗaya bayan ɗaya, ni kuma tsoro nake ji ƙarshen waƙar ya bi ta kabari.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga Watari ta yau, tumatir da shinkafa ko'ina shar, injinan ban-ruwa suna ta kururuwa. Ina jin zai yi hamdala da ƙoshin da bai riska ba, sannan ya roƙi samarin su ɗan kashe injin ya ji motsin ruwa.

Kwanan baya na kai Inna bakin dam, na shimfiɗa mata tabarma. Ban roƙe ta komai ba, na gaji. Ta daɗe tana kallon ruwan, sai ta fara a hankali, tana tsallake abin da ta manta. Da ta iso inda ta saba tsayawa, sai na ji ta zarce. A baitin Baba yana ban kwana, yana cewa ya huta, kada a yi masa kuka. Daidai inda sunan ya faɗo ta yi shiru gwargwadon tsawonsa, ta ja gyale ta rufe baki, sannan ta ƙarasa.

Baba bai bar mana gona ba, bai bar gidan bulo ba. Ya bar waƙa, da matar da har yau take jin kunyarsa kamar yana zaune a zaure. Na san sunan mahaifina sarai, amma da nake koya wa jikokinsa baitin, ni ma a wurin nake yin shiru. Allah ya jiƙan Malam.