Saƙon Miriam da Rufus Bai Buɗe Ba

Rufus ya kama haya a gidana, nan unguwar Turaki, tun 'yarsa Cynthia tana goye. Ma'aikacin gwamnati ne, mai auna ruwan sama a ofishin gona. Dogo ne, shiru-shiru, idan ka gaishe shi sai ya yi tunani kafin ya amsa.

Kwamfutarsa ba ta da kwalliya. Ta jikokina hotuna ne da kiɗa, tasa kuwa baƙar fuska ce da ƙananan rubutu kore, kamar ƙwarin nan masu wuta a bakin kogin Lamurde da damina. Inda yake rubuta aikin ofis, nan yake karanta imel ɗinsa, ba ya fita ya shiga wani wuri.

Ban yi boko ba, amma ina da baki, sai na tambaya. Ya ce da safe idan akwai sabis, injin yakan jawo saƙonni su sauko, ya bi su kalma-kalma yana riƙe inda kowace take. Ba a raba su ɗaki-ɗaki, tuli ɗaya ne kamar masara a rumbu. Na ce wannan ai ƙazanta ce da takardar shaida. Ya yi murmushi, ya ce bari ya rubuta Iware, wani gari da yake auna wa ruwa. Nan take duk saƙon da ya taɓa ambaton Iware ya taso, kowanne da amsoshinsa a baya kamar kaza da 'yan tsaki, alhali ko sabis babu. Akwai kuma alama, irin ƙyallen da muke ɗaura wa buhu a injin niƙa. Sabon saƙo yakan zo da alamar ba a karanta ba, da an buɗe shi sai ta faɗi.

Matarsa Miriam malamar firamare ce. Ciwon maƙogwaro ya kwantar da ita a asibiti a Yola, magana ta gagara, sai ta riƙa rubuto masa da waya. Na ƙarshen ya iso ranar da aka kira shi aka ce ta rasu. Bai buɗe ba. Shekaru suka wuce. Kowace safiya sai ya kira waɗanda ba a karanta ba, ya sallami na ofis, ya bar nata shi kaɗai a fuskar injin yana kallo har shayinsa ya huce. Ya ce muddin alamar tana nan, Miriam ba ta gama magana ba. Yau sai ya ji kamar tana tambayar ko an yi ruwa, gobe kuma kamar faɗa take yi a kan takalmin Cynthia.

Bara ya dawo daga hutu ya tarar saƙonnin ofis sun taru. Don gajiya ya haɗa su duka ya cire musu alamar da yatsa ɗaya, ya manta nata yana ciki. Fuskar ta zama fayau. Ya fito da kwamfutar baranda inda nake ɓarar gyaɗa, ya gaya mini abin da ya faru.

Na ce ya rubuta sunanta mana, tunda injin ba ya mantuwa. Ya rubuta, ga saƙon nan cikin 'yan'uwansa, ba alama. Ya ce zai iya mayar da ita, ba wanda zai sani.

Na ce, "Baban Cynthia, mayar. Inji ba zai tona ka ba. Amma Miriam ɗin da na sani, ko ni ban isa in bar ta tsaye a ƙofa da magana a baki ba."

Ya daɗe yatsansa yana sama. Sannan ya buɗe. Layi biyu na hango, amma har inuwa ta bar baranda yana karantawa. Can sai na ji ƙarar yatsu a hankali, yana rubutu a ƙarƙashin nata. Na ɗauki kujerata na koma ciki.